Ku Dakata da Dariyar Tukuna, 'Yan Gardama

To, 'yan gardama, ku gyara zama. Da kun ji an ce akwai garin tsiro da ke hana maiƙo shiga jini, sai ku taɓe baki ku ce, "Wata sabuwa, Bature ya rasa abin yi." Alhali ku ne ke cewa mai tsire ya ƙaro kitse, ku ne kuma wando ya daina rufuwa.

Ga yadda abin yake. Jikin kowane tsiro akwai zaren da ake kira selulos, shi ne a auduga, shi ne a itace. Masana na murƙushe shi har sai ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. A shekarar 2018 masu bincike na Jami'ar Harvard a Amurka da Jami'ar Fasaha ta Nanyang a Singafo suka wallafa gwajinsu a mujallar ACS Nano. A na'urar da ke kwaikwayon hanjin mutum, zaren ya rage narkewar maiƙo da kusan rabi. Ɓerayen da aka ba kirim mai kauri haɗe da shi kuwa, maiƙon da ya hau jininsu ya ragu da kashi 36 cikin 100.

"Ta yaya?" Madalla, kun fara tambaya! Kafin hanji ya tsotse maiƙo, sai ruwan matsarmama ya fasa shi ƙanana, sannan wani sinadari mai suna lifes ya daddatsa shi. Zaren nan yana kama ɗigon maiƙon kamar yadda koma ke kama kifi, ya dunƙule su, ya kuma riƙe wani ɓangare na ruwan matsarmamar. Lifes ya rasa wurin cizo, saura ya bi bayan gida.

Na ga Alhaji can yana murmushi, har ya fara lissafin ƙarin man shanu a tuwo. A'a, ranka ya daɗe, kai ba ɓera ba ne! Abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji sai an tabbatar da shi a jikin mutane. Ko maganin orlistat, wanda Amurka ta amince da shi tun 1999, kusan kashi 30 cikin 100 na maiƙo yake tarewa, kuma masu shan sa sun san yadda yake kai mutum makewayi da gudu.

Ku ci gaba da shakka, haƙƙinku ne, amma ku daina cewa tatsuniya ce. Kafin masana su kammala, a rage kitsen, a taka da ƙafa zuwa kasuwa.