Raɗa Daga Bakin Fadama: Baƙon Jiya Ya Kai Ƙarar Gona

Ku matso kusa, maganar ba ta lasifika ba ce. Tsegumi ya jiyo cewa wata takardar koke na yawo hannu da hannu a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin gefen Birnin Kebbi, irin waɗanda suka yi ta tsirowa kan gonaki tun da garin ya zama hedikwatar jiha a 1991. Masu sa hannun ba ƙananan mutane ba ne: akwai mai ritaya, akwai ɗan kwangila, har da wani da aka ce bai ma tare a gidan ba, amma hayaƙi ya riga ya hana shi barci. Kukansu kuwa warin taki, ƙarar injin ban-ruwa da asuba, hayaƙin matan da ke turara shinkafa, sauro, da ragunan wani mai kiwo da ba su san lokacin ƙailular Alhaji ba.

Majiyarmu ta ce da aka tura dubagari, tsohon mai gonar ko murya bai ɗaga ba. Cewa ya yi, "Ɗana, gonag ga kakana yas sassabe ta. Shi mai benen yaushe yaz zo?" Dubagari ya naɗe takardarsa, ya tambayi lafiyar iyali, ya hau babur.

Abin da ke ba mu dariya, waɗannan mutanen ne in sun je Abuja ba mai raba su da kirarin jihar shinkafa. Su ne za su tuna maka cewa a Birnin Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Nuwamban 2015, cewa shinkafar Lake ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta shiga kasuwa a 2016, cewa Osinbajo ya buɗe kamfanin WACOT a Argungu a 2017. Tuwon suna so, fadamar da ta haife shi ce ba sa son gani ta taga.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Masu shan shayi a majalisar dare sun rantse cewa ba hanci ne ya rubuta takardar ba, dillalin filaye ne. Dabarar tsohuwa ce: a yi ta jan manomi yau ofis, gobe gaban mai unguwa, jibi sammaci, har ya gaji ya ce a kawo mai saye. Kafin damina ta zagayo an yanka gonar fuloti-fuloti, an kafa duwatsu. Manomin da kuɗin fetur ya riga ya kassara tun cire tallafi a 2023, ga ambaliya irin ta 2020 da ta shanye shinkafar kwarin Rima, da wane ƙarfi zai yi zaryar shari'a? Biri dai ya yi kama da mutum, tunda an ga dillalin da mai ritayar a mota ɗaya ranar Juma'a.

Ba mu ce manoma waliyyai ba ne. Mai cinna wa tsibin ɓuntu wuta ya bar shi yana ci kwana da kwanaki kusa da makarantar yara, a ja masa kunne. Haka masu shanya a kan kwalta a hanyar Argungu, su tokare rabin titi da duwatsu. Wannan gyara ake yi masa, ba kora ba.

Wani lauya da ke sauraronmu ya raɗa mana cewa Amurka ta sha wannan rigima, shi ya sa dukkan jihohinta 50 ke da dokar kare manomi daga ƙarar maƙwabcin da ya zo ya tarar da shi yana aikinsa. Ya ce mu ma ba sai an je nesa ba: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, shi ke shata inda birni ya tsaya. In an so, a yau ana iya keɓe bakin fadama a ce nan na noma ne, duk mai sayen fuloti a kusa ya sa hannu cewa ya gani, ya kuma shaƙa. Da muka tambaye shi me ya hana, sai ya ce mu binciki sunayen masu fuloti a wurin, ya kurɓe shayinsa.

Na baya-bayan nan kuma, an ce uwargidan mai ritayar ta ƙi sa baki a koken. Ashe a wurin matan nan masu hayaƙi take sarin shinkafar da take aikawa Sakkwato, kuma bashi suke ba ta.