Hon ɗin Tirela a Jikin Fijo

A Fagada, waɗanda suka fi kowa sanin mota su ne waɗanda ko keke ba su da shi. Teburin mai shayi ne ofishinsu. Da labari ya bazu cewa albasata ta yi kuɗi a Aliero kuma ina neman abin hawa, sai kowa ya koma injiniya.

Samari suka ce Golf, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mai hankali ba ya sayen mota mai maƙogwaro. Ƙanena da ke jami'ar Aliero ya ce in nemi mai sauya giya da kanta, mai na'urar sanyi. Kawu, tsohon direba, ya dire kofinsa.

"Ɗana, duk gwangwani suke lissafa maka. Mota ita ce Fijo 504. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, a shekarar kuma 504 ta cinye tseren Safari a Kenya. Da tayar baya take ja, ba ruwanta da rami. In ta lalace, waya da filaya sun ishe ka."

Ban tambaye shi yadda aka yi ya ƙware a gyaranta haka ba. Na je Jega na sayo a-kori-kura 504 wadda ta girmi uwargidana.

Daga nan majalisa ta shiga gyara mini ita da baki da aljihuna. Wani ya ce a ƙara sifirin saboda buhunan albasa. Aka ƙara, har gindinta ya ɗaga sama kamar mai neman allura a ƙasa. Wani ya ce a cire abin da ke daidaita zafin inji, wai don sanyin Turai aka yi shi. Aka cire. Kawu kuwa abu ɗaya ya nace a kai: hon. A cewarsa motar da ba ta da murya ba ta da mutunci a hanyar Yawuri. Bakanike ya samo na tirela ya ɗaura.

Ranar gwaji muka yi lodi muka nufi Maiyama, Kawu a gefena ya harɗe. Kusa da wani ƙauye akuya ta tsaya tsakiyar kwalta.

"Danna mata, ɗana!"

Na danna. Akuya ta ɓace. Hon bai tsaya ba. Na bugi sitiyari, na ja waya, na yi salati, shi kuwa sai ƙara buɗe murya yake. Masu babur suka faɗa gona, masu talla suka kwashe farantansu, wani dattijo ya ɗare dakali da sandarsa, kowa na jiran tirelar da birki ya ƙwace mata. Sai ga mu mun ɓullo, tafiyar da ko jaki zai wuce mu, ƙofar Kawu ɗaure da igiya. Dariyar da aka yi mana har ta so ta danne hon ɗin.

Kafin mu kai inda za mu ɓuya, lagireto ya tafasa, batir ya ƙare, hon ya yi shiru don kansa, motar ma ta bi sahu. Na juya ga Kawu.

"Kawu, ga waya, ga filaya."

Ya leƙa inji ya daɗe, sannan ya ce a zamaninsa ba haka cikinta yake ba.

Shanun huɗa ne suka ja mu zuwa gida bayan magariba, mai shanun kuma ya karɓi ladansa da albasa. Washegari majalisa ta yanke hukunci cewa Fijo ba ta da laifi, ƙafata ce ba ta saba da kuloci ba, kuma abin da ya rage kawai a sauya inji.

Motar tana nan ƙofar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Mai son hon ɗin tirela ya same ni bayan la'asar, akwai ragi, amma Kawu ba ya cikin cinikin.