Yadda Ƙaramin Ma'aikaci Zai Tsira Daga Gurup Ɗin Wurin Aiki a Gabi

Ba zan ɓata maka lokaci da yadda ake buɗe WhatsApp ko sayen forfe ba. In dai kai mushe ne a wata lakkol ta karkarar Gabi, ko ma'aikacin jinya a likita, ko malamin gona, ko yaron meri, ko wanda wani poroje ya ɗauka na wata shida, to an riga an jefa ka a gurup ba tare da an nemi izininka ba, kuma ba ɗaya ba. Akwai na aiki, akwai na aikin da babu shugaba a ciki, akwai na sandika, da na waɗanda kuka yi karatu tare a Maradi, da na wani horo da aka gama tun bara wanda har yau babu mai ƙarfin halin fita. Sun hana ni barcin kirki a ƴan kwanakin nan, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Shawara ta farko: nemi inda rezo yake kafin ka nemi ɗakin haya. Kowane ƙauye yana da wurinsa, wani tudu, wani bakin rijiya, gindin wani gawo. Tambayi samarin fada, sun fi kowa sani. Mu da muke dab da iyakar Katsina kuma muna da ƙarin jarrabawa: kana kwance kan tabarmarka sai waya ta tsallaka Najeriya ita kaɗai, ta kama layin can, har a yi maka barka da zuwa. Shiga saiti ka zaɓi layinka da hannu. Wanda ke zaune a ofis a Madarunfa ko Maradi, fanka na kaɗa shi, bai san wannan ba. Shi dai ya ga saƙonsa bai shiga ba, sai ya yanke cewa ka kashe waya ka tafi yawo.

Ta biyu, caji. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mutanen birni sun ɗanɗana abin da ma'aikacin ƙauye ya daɗe yana sha. Shi dama mai caji da fanonsa ne kamfanin lantarkinsa. Ka yi ƙoƙari ka sayi ƙaramin fano naka ko da bashi ne. Kafin nan, kulle wayarka da lamba duk lokacin da za ta kwana a rumfa cikin wayoyin gari.

Ta uku ita ce vokal, kuma nan zan daɗe, don nan ciwon yake. Ni ba maƙiyin saƙon murya ba ne. Manomin da bai yi lakkol ba ya ɗauki hoton tsutsar da ke cin geronsa, ya bi shi da bayani da bakinsa, malamin gona ya amsa masa a ranar, wannan alheri ne da iyayenmu ba su samu ba. Wanda nake kuka da shi shi ne mai difiloma, mai biro a aljihun gaba, da zai aiko vokal na minti bakwai don ya ce an ɗage taro. Sallama, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya damina, yaya haƙuri da aiki. Zakara ya yi cara. Mai vokal ya tsaya ya kori akuya. Wani ya zo wucewa, su ma su gaisa daga farko har ƙarshe, kai kana riƙe da waya a kunne a gindin gawo, rana na dukan ka. Sai a minti na shida ya ce, "To, abin da ya sa na kira ku..." Bai kira mu ba! Kuma ranar da aka mayar da taron, tana cikin vokal na biyu, wanda ya ƙi buɗewa. Tun 2021 aka sa maɓallin ninka saurin murya. Yi amfani da shi, amma kada ka saki muryar shugabanka da ninki biyu a gaban ƴan fada, domin za su kwaikwaye ta har ta koma kunnensa.

Bayan vokal sai ruwan amsa. Mutum arba'in, kowa "Bien reçu, Chef." Wani ya ƙara da yatsa, wani da furanni, wani da addu'a mai layi goma. Takardar da aka aiko ta nutse, kai da ka samu rezo da la'asar sai ka yi ta haƙa kamar mai neman ruwa a yashin gulbi da rani. Ranar Juma'a kuwa, hotunan barka da Juma'a da bidiyon wa'azi su cinye megan da ka saya don aika rapor. Kashe saukar da hotuna kai tsaye, yau ɗin nan. Wannan ce kaɗai shawarar da na tabbata za ta bar maka kuɗi a aljihu.

Kuma tun da an zo batun kuɗi, wa ke biyan megan nan? Wa? Da can in ana son jerin sunayen ɗalibai, takarda ake aikowa, a ba ka mako. Yanzu sai ƙarfe goma sha ɗaya na dare a rubuto "urgent", ana son adadin mata da maza kafin takwas na safe. Ka kunna tocila, ka ɗauki hoton rajista, a ce bai fito ba. Ka sake. Gobe wani ofishin ya nemi jerin nan dai, jibi poroje ya nema a cikin nasa tsarin. Ɗan kontiragin da kuɗinsa kan yi latti, shi ke fitar da jika bayan jika don aikin da ba nasa ba. An ɗora mana ofis a aljihu, an bar mu da kuɗin hayarsa, kuma ofishin ba ya da lokacin tashi. A Faransa tun 2017 doka ta amince wa ma'aikaci da haƙƙin kashe wayar aiki bayan ya tashi. Mu ba mu nemi doka ba tukuna. A bar mutum ya yi sallar isha'i ya ci tuwonsa. A yammacin 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook sun ɗauke a duniya kusan awa shida, washegari kuma an buɗe lakkol, an ga marasa lafiya, ba abin da ya rushe.

Bar lissafi haka nan, mu zo kan status. Kawunka da shugabanka da tsohuwar budurwarka duk allo ɗaya suke kallo. Ka je taron bita Maradi, ka ɗora hoton faranti da cinyar kaza, kafin ka hau kabu-kabu kira ya shigo: "Ɗana, na ga Allah ya buɗa. Ko ta Nita ce ka tuna da mu da ɗan kuɗi." Ba ka da amsa, domin kai ka yi shelar. Akwai wurin ɓoye status ga wanda kake so, nemo shi.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne tsaro. Mu da muke maƙwabtaka da dajin Baban Rafi mun san abin da ƴan bindiga suka yi wa yankin Madarunfa na satar shanu da ɗaukar mutane. Don Allah, ɗan uwa, kada ka sanar da duniya ka sayi sabon babur, ko an yi albashi, ko gobe da asuba za ka bi hanya kaza. Ba ka san wayar wa hotonka zai kwana a ciki ba. Ke kuma ƴar uwa ma'aikaciyar jinya, fuskar mara lafiya amana ce, ba ta status ba ce, ko da niyyar neman taimako. Sannan muryar nan mai kuka da ake turawa cewa an shiga gari kaza daren jiya, tsaya ka bincika kafin ka tura. Sau da yawa tsohuwar murya ce daga Zamfara, amma za ta sa uwa ta hana yaranta zuwa lakkol, ta sa mai ciki ta ƙi zuwa awo. Ka kuma tuna akwai dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a watan Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna. Gurup ɗin da babu shugaba a ciki ma yana da mai ɗaukar hoton allo. Kullum akwai shi.

Saura yadda ake fita daga gurup. Na so in ba ka dabara, amma babu. Tun 2022 aka gyara yadda in ka fita ba a shelanta wa kowa, admin kaɗai ke gani. To a gurup ɗin aiki wane ne admin? Kafin ka ajiye wayar ya maido ka, ya kuma kira: "Lafiya dai, Mushe? Na ga kamar hannunka ya taɓa wani wuri." Sai ka ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe," shi kuma ya ce dama akwai wani jerin sunaye da ake so kafin takwas.