'Yan Sandan Gem Da Na Fim

Jiya na zauna kusa da ɗan ƙanwata yana buga GTA San Andreas, wasan nan da kamfanin Rockstar ya fitar a 2004. Yaron da ko kaza bai iya yankawa ba, sai ga shi ya fizge motar mutane, ya bi ta kan shingen gida. Nan take taurari suka fara jeruwa a saman allo, kowane tauraro ƙarin 'yan sanda ne. In sun kai shida, sojoji ne za su fito da tankar yaƙi.

Na ce, "Kai yaro, yau kashinka ya bushe."

Ya ce, "Kawu, zuba ido kawai."

Ya kutsa garejin fenti, aka zare masa dala 100, mota ta fito da sabon launi. Jami'an da suka yi ta binsa da jiniya suka wuce shi ko kallo babu. Ashe launin motar suke nema tun farko.

Na fim ɗin Indiya kuwa nasu salon daban ne. Ba a jin jiniyarsu sai jarumi ya gama lallasa bos da yaransa kakaf. Sannan sufeto zai diro daga jif, ya murza gashin baki, ya sa wa sumamme ankwa.

In zaɓi za a ba ni, na Indiya zan ɗauka. Sun makara dai, amma ban taɓa ganin sun tambayi jarumi takardun mota ba.