Haya Ta Kore Shi, Ya Ce Bindiga Ce

A Amurka, haya ba ta korar namiji daga gari. Aƙida ce ke korarsa. Haka dai za ka ji idan ka saurari masu tattara nasu-ya-nasu daga jihar Kalifoniya suna tsallakawa Nebada ko Arizona, ko su zarce can gaba zuwa Aidaho. Da wuya ka ji ɗayansu ya ce, "Jama'a, kuɗin gida ya fi ƙarfina." Ina! Cewa zai yi gwamnati ta take masa 'yanci, ta hana shi sakat da bindigarsa, shi kuwa ɗan halak ba ya kwana inda ake wulaƙanta bindiga.

Kuma ba a tashi shiru. Tashin yana da ladubbansa. Sai an hayo babbar motar kwasar kaya ta kamfanin U-Haul an ajiye a ƙofar gida, gogan naka ya ɗora hular hana-salla, ya ƙwama baƙin tabarau, ya kafa waya, ya yi wa duniya jawabin bankwana a Facebook ko YouTube. Zai gargaɗi Kalifoniya cewa za ta yi kukan rashinsa. Jiha ce mai mutum kusan miliyan 39, ko da zamansa ba ta sani ba, balle tafiyarsa. Yana cikin jawabin, can bayansa kana hango uwargida tana jan katifa ita kaɗai.

Ba a raina yawansu ba, gaskiya. Kamfanin U-Haul da kansa ya ce a 2021 motocinsa sun kasa isar masu neman fita daga jihar, kuma hayar motar fita ta kan ninka ta shigowa, don wadda ta fita ba mai dawo da ita. Bayan ƙidayar 2020, Kalifoniya ta rasa kujera ɗaya a majalisar wakilai ta tarayya, daga 53 zuwa 52, abin da bai taɓa faruwa da ita ba, saboda wasu jihohin sun fi ta saurin ƙaruwa.

To amma mu buɗe littafin da uwargida ke riƙe da shi, tunda ita ce mai lissafi. Tun 2021 matsakaicin farashin gida a Kalifoniya ya haura dala 800,000. A Las Begas ta Nebada ko Finiks ta Arizona, kusan rabin haka zai ba ka gida har da gareji mai cin mota biyu. Kalifoniya tana yankar harajin albashi da ya kai kashi 13.3 cikin ɗari ga manyan masu samu. Nebada ko sisi ba ta karɓa. Wannan shi ne abin da aka tattauna a ɗaki da dare, murya ƙasa-ƙasa, bayan takardar ƙarin haya ta iso. Da gari ya waye aka fito tsakar gida, sai maganar ta rikiɗe ta zama ta kundin tsarin mulki.

Ni dai ban ga laifinsa sosai ba. Bindiga rufin asiri ce. Wanda ya ce haya ta kore shi, tausayinsa za a ji, a kuma riƙa kallon takalminsa. Wanda ya ce aƙida ta tashe shi, tafi za a yi masa, har wani ya kira shi a hira. Ga hanya biyu a gaban mutum, ɗaya ta abin tausayi, ɗaya ta gwarzo, kuma duka a mota ɗaya ake tafiya. Wa zai zaɓi ta farko?

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka ƙorafin bindigar ƙage ne tsantsa. Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791 ya ba ɗan ƙasa damar mallakar makami, amma kowace jiha tana da nata sharuɗɗan, kuma na Kalifoniya suna cikin mafiya tsauri. Ka biya kuɗin bindiga yau, sai ka jira kwana 10 kafin a miƙa maka. Sai ka ci wata 'yar jarrabawa ta sanin ƙa'idar riƙe ta. Gidan harsashin da ke ɗaukar fiye da guda 10 haramun ne a sayar maka. Ƙananan bindigogin da dillali zai iya sayarwa ma akwai jerinsu a hannun hukuma, wadda ba ta ciki ba ta ciki. A 2019 aka ƙara da cewa ko harsashi za ka saya sai an binciki tarihinka, dokar da aka yi ta jan ta a kotu. Ka tsallaka kogin Kolorado ka shiga Arizona, duk wannan ya zama labari. Babu jiran kwana goma, kuma tun 2010 wanda ya kai shekara 21 yana iya soke ƙaramar bindiga a ƙugu ya rufe da riga ba tare da neman lasisi ba. Aidaho ta bi sahu a 2016.

Kwana goman nan su ne suka fi ci wa mutumin namu rai. Mutum ne da ya sa hannu a bashin gida na shekara 30 bai ko ƙifta ido ba. Yana iya kwana a layi don sabuwar waya. Amma a ce ya jira kwana goma kafin ya karɓi bindigarsa ta bakwai, alhali shida suna kulle a akwatin ƙarfe a gida, wannan zalunci ne da bai kamata a yi shiru a kansa ba. Ƙasar ce ma haka take: wani bincike na cibiyar Small Arms Survey da ya fito a 2018 ya ƙiyasta bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula, wato kusan 120 ga kowane mutum 100. Bindigogin sun fi masu su yawa, amma kullum ana cikin fargabar za su ƙare.

Mu ma mun san tsallaka iyakar jiha don neman sauƙin haya. Ma'aikacin Abuja da ke kwana a Mararaba ko Masaka a jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla a jihar Neja, shi ma ɗan gudun haya ne. Bambancin kawai, namu ba shi da abin fakewa, domin dokar makamai a Najeriya ta tarayya ce, ɗaya ce daga Maitama har Masaka. Dole ya faɗi gaskiya, ya ce kuɗin ne babu, ya shiga cunkoson Nyanya da asuba ba tare da ya yi wa kowa jawabi ba.

Yanzu gogan ya sauka. Idan Finiks ya nufa, rana ce za ta fara yi masa barka da zuwa. A 2023 garin ya yi kwana 31 a jere zafi bai kasa digiri 43 ba a tsakar rana. Ga 'yancin soke bindiga a ƙugu ya samu, amma ƙarfen da ya wuni a mota ba ya taɓuwa, shi kansa kuma ba ya iya leƙa waje sai bayan magariba. Haka zai zauna a falo, na'urar sanyaya ɗaki tana ta kuka, kuɗin wuta yana cinye harajin da ya gudo wa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babban abin shi ne yadda ya sayi gidan. Ya sayar da ɗan akurkinsa na Kalifoniya, ko ya zo da albashinsa na can tunda ta intanet yake aiki, ya tarar da 'yan gari suna taya gida suna haɗa kuɗin kafin-alƙalami da ƙyar. Bai tsaya ciniki ba. Ya ɗora a kan abin da mai gida ya sa, ya biya lakadan, wani lokacin ma ko ganin gidan bai yi ba sai a hoto. Shi a ganinsa ya tsinci dami a kala. Dillalai kuwa ba barci suke ba. A yankin Boisi, babban birnin Aidaho, matsakaicin farashin gida ya haura dala 500,000 a 2021, a jihar da mafi ƙarancin albashinta yake dala 7.25 a awa tun 2009. Malamin makarantar da aka haifa a garin, da ma'aikaciyar jinya, da makanikin da ke gyara wa baƙon mota, sai suka wayi gari garinsu ya fi ƙarfinsu. Tsadar da mutumin ya gudo wa, ashe a cikin motar kayan ta ɓuya, tsakanin firiji da akwatin bindigogi.

Shi ya sa ba a shimfiɗa masa tabarma. Abu na farko da tsofaffin zuwa ke raɗa wa sabon zuwa shi ne ya yi maza ya cire lambar motar Kalifoniya, kafin wani ya nuna masa yatsa a kan titi. Ƙin jinin ma ba na yau ba ne. Tun 1971 gwamnan jihar Origon na lokacin, Tom McCall, ya gaya wa baƙi su riƙa zuwa yawon buɗe ido iya son ransu, amma don Allah kada su zo da niyyar zama. A 2019 kuma aka samu wani ɗan takarar magajin garin Boisi da ya gina kamfen ɗinsa a kan tsayar da kwararar 'yan Kalifoniya, har da zancen a kewaye jihar da katanga. Bai ci ba, amma ya samu masu gyaɗa kai.

Ga inda abin ya fi ban dariya. Kafin shekara ta zagayo, mutumin namu ya sayi doguwar mota a-kori-kura, ya tara gemu, ya manna takarda a bayan motar mai gargaɗin kada a mayar masa da jiha Kalifoniya. Shi ne kan gaba a taron unguwa wajen ƙin sabon rukunin gidaje. Shi ne ke ƙorafin cunkoso, yana cewa da can ba haka garin nan yake ba. Da can ɗin nan, bara yake nufi. Laifi tudu ne. Idan ya hango mota mai lambar tsohuwar jiharsa, sai ya yi tsaki ya ce sun zo su lalata mana gari, kuma "mana" ɗin nan har cikin zuciyarsa yake faɗinta.

'Yan gari suna tsoron baƙin za su zo da ƙuri'ar masu sassaucin ra'ayi. Da ofishin sakataren jihar Aidaho ya fitar da alƙaluman rajistar masu zaɓe a 2023, sai aka ga mafi yawan waɗanda suka zo daga Kalifoniya 'yan jam'iyyar Republican ne, ta masu ra'ayin riƙau. Wato baƙon da ake zargi da sanyin aƙida, sau da yawa ya fi ɗan gari zafi, don shi da hujjar da zai kare ya zo.

Wanda ya tsaya a Nebada kuma, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Bayan harbin Las Begas na 2017 da ya ci rayuka kusan 60, majalisar jihar ta zartar da doka a 2019 cewa ko tsakanin mutum da mutum aka yi cinikin bindiga sai an binciki mai saye, ta kuma ba alƙali ikon karɓe makami daga wanda ake ganin zai yi ɓarna. Sai mutumin ya fara duban taswira kuma. A nan raha takan ɗan tsaya, domin a 2021 mutum fiye da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu kuwa da hannunsu suka juya ta kansu. Idan aka auna da yawan jama'a, mace-macen bindiga a Arizona da Nebada sun ninka na Kalifoniya. Wannan layin ba ya shiga jawabin bankwana.

Amma duk cikin masu neman canjin jiha, na fi jinjina wa mutanen gabashin Origon. Su manoma ne da makiyaya, sun gaji da dokokin da mutanen birnin Fotland ke jefa wa ƙuri'a, ciki har da ta 2022 da ta nemi sai da izini kafin a sayi bindiga. Suna son Aidaho. Sai dai ɗaure kaya wahala ne, shanu kuma ba sa shiga motar U-Haul. Sai suka ce to, mu ba za mu motsa ba, iyakar ce za ta taso ta same mu. Zuwa 2024, ƙananan hukumomi 13 sun kaɗa ƙuri'ar amincewa a tattauna yadda za a ja layin Aidaho ya haɗiye su, mutum ya kwanta a Origon ya farka a Aidaho a kan gadonsa. Abin da ya rage kaɗan ne: amincewar majalisar Origon, da ta Aidaho, da majalisar dokokin tarayya.

Kafin nan akwai 'yan ƙananan abubuwa da ba a cika tayarwa a taron ba. A Origon babu harajin sayen kaya. A Aidaho kashi 6 cikin ɗari ne. Mafi ƙarancin albashi a Origon ya fi na Aidaho nesa ba kusa ba. Sannan ga garin Ontariyo, wani ɗan ƙaramin gari a bakin iyaka, tafiyar kusan awa ɗaya daga Boisi. Tabar wiwi halal ce a dokar Origon, haramun ce a ta Aidaho, don haka shagunan sayar da ita suka cika garin, filin ajiye motocinsu kuma cike da lambar Aidaho. Mutanen jihar 'yanci ne ke tsallakowa jihar danniya su yi sayayya su koma, garin kuma yana karɓar harajinsa. Ƙaramar hukumar Malheur, wadda Ontariyo ke cikinta, tana cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar neman komawa Aidaho tun 2021.