Ɗari da Shida, Kuma Ba Wanda Ya Yi Sata

Jama'ar Bonkuku, ku da kuke ƙirga dankalin turawa buhu-buhu ba a taɓa cutarku da ƙwaya ɗaya ba, yau ga lissafin da zai sa ku rantse cewa injiniyoyi ba su gama lakwal ba. Ga misalin takardar haɗin kwaltar titi, irin rubutun da aka gada daga Faransa: manyan tsakuwa kashi 35, ƙananan tsakuwa 25, yashin dutse 35, garin dutse mai laushi 5, sai ita kwalta 6. To, ku tara.

Tun ban rufe baki ba na hango Alhaji ya ɗaga carbi yana cewa, "106! An kama su! A ina aka taɓa jin kashi 106 cikin 100?" Bazabarme ya ce Buzu ne ya haɗiye shidan, Buzu ya ce a caje aljihun Bazabarme tukuna. Da yake taubasai ne, ku bar su su ƙarata. Alhaji, ranka ya daɗe, ajiye carbin, lissafin nan daidai yake.

Abin da ya faru shi ne, mai takardar ya ɗauki busasshen dutse shi kaɗai a matsayin 100, sannan ya ce a kan kowane kilo 100 na dutse a zuba kilo 6 na kwalta. Haɗin gaba ɗaya ya zama kilo 106. In kana so ka san rabon kowa a cikin haɗin da ya fito daga inji da zafinsa, sai ka raba kowane adadi da 106, ka ninka da 100. Manyan tsakuwa su sauko zuwa 33.02, ƙanana 23.58, yashi 33.02, gari 4.72, kwalta 5.66. Sake tarawa, Alhaji. Ɗari cif. Ba a rage wa kowa ko cokali ba, ma'aunin ne aka sauya.

Ga Malam can a gefe yana girgiza rawani, wai wannan dabarar Nasara ce. Allah gafarta Malam, kai ne ma bai kamata ka yi gardama ba, don a zaurenka muka fara jin wannan lissafi. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, wato 3 cikin 6. 'Yan'uwan suna da sulusi biyu, wato 4 cikin 6. An tara, an sami 7, alhali dukiya 6 ce. Me kake yi? Ai auli kake yi: ka ɗaga asalin mas'ala daga 6 zuwa 7, miji ya karɓi 3 cikin 7, 'yan'uwa su karɓi 4 cikin 7, ragin ya taɓa kowa gwargwadon rabonsa. Tun zamanin Sayyidina Umar ake wannan hukunci. Injiniya bai yi komai ba illa ɗaga asali daga 100 zuwa 106. In ka yarda da 7, yaya za ka ƙi 106?

Akwai kuma masu gaggawa, waɗanda za su ce, "Me ya yi zafi? A cire 6 daga yashi kawai, a mai da shi 29, lissafi ya cika." Malam, gaya musu hukuncin wanda ya tattara ragin gado duka ya ɗora wa magaji ɗaya. A titi ma ɓarna ce. An zaɓi waɗannan kasonni ne don yashi ya cike gurbin da ke tsakanin ƙananan tsakuwa, su kuma su cike na manya, gari ya toshe abin da ya saura. Ka zaftare yashi shi kaɗai, ka bar ramuka a cikin titin da ido ba ya gani, amma ruwan Agusta yana gani.

Yanzu ga direban kamyo, mai lodin dankali zuwa Yamai, yana dariya har da buga cinya: "Duk wannan surutu a kan 6 da 5.66? Ko canjin goro bai kai ba!" Maigida, kashe mota ka sauko mu yi awo. Ɗauki kilomita ɗaya na titi mai faɗin mita 7 da kaurin santimita 5. Wannan mita kubik 350 ne. Kowane mita kubik na haɗin da aka danne yana kai wa wajen tan 2.4, ka ga tan 840 ke nan. In kwalta 5.66 ce cikin 100, ana bukatar tan 47 da rabi. In wani ya karanta takardar a karkace ya zuba 6 cikin 100 na dukan haɗin, tan 50.4 zai zuba. Bambancin ya kusa tan 3 a kilomita ɗaya tak, wato ganga 14 da ɗoriya in kowace ganga tana cin kilo 200. A kilomita 100, ganga ta haura 1,400. Ita kuwa kwalta ita ce mafi tsada a cikin kayan haɗin, kuma daga waje ake shigo da ita. Wane irin goro kake ci haka, maigida?

Kuɗin ma shi ne mai sauƙi. Kwalta in ta yi yawa, sai ta cike 'yan guraben iska da ake barin su da gangan a cikin haɗin, waɗanda a tsarin gwajin kwalta na Marshall ake so su tsaya tsakanin kashi 3 zuwa 5. A ƙasar Kurfai, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, baƙin titi ya fi haka nesa ba kusa ba. Kwalta ta yi laushi, ta rasa wurin zuwa, ta tsattsafo sama tana ƙyalli, tayoyin manyan motoci su haƙa mata kwari biyu. Direban da ke dariya ɗazu shi ne zai fara zagin ɗan kwangila ranar da sitiyari ya ƙi bin hannunsa.

Kuskuren yana iya juyowa ta ɗaya gefen. Takarda ta ce 6 cikin 100 na dukan haɗin, wato kilo 6.38 a kan kowane kilo 100 na dutse, mai inji kuma ya zuba kilo 6 kawai. Titi ya fito da ƙishi. Tsakuwa ba ta sami abin da zai riƙe ta sosai ba, sai ta riƙa ɓantarewa ɗaya-ɗaya, ruwa ya sami ƙofa, damina biyu ko uku rami ya buɗe baki. Shi ya sa a ƙa'idojin aiki da yawa sassaucin da ake yi wa adadin kwalta bai wuce 0.3 sama ko ƙasa ba. Tazarar 6 da 5.66 kuwa 0.34 ce. Canjin goron direba ya riga ya tsallake iyaka.

Na ji wani tsohon mushe yana gunaguni, wai to me ya hana duniya ta tsaya a kan lissafi ɗaya? Mushe, kai da ka koyar da yara shekara da shekaru, ka taɓa ganin malamai biyu sun yarda da hanyar raba lamba ɗaya? Bruce Marshall, injiniyan hanyoyi a jihar Misisifi ta Amurka, ya ƙirƙiro gwajinsa wajen 1939, kuma masu bin sa galibi suna faɗin kwalta cikin dukan haɗin. Faransawa suna da gwajin Duriez, kuma sun daɗe suna faɗin ta a kan busasshen dutse. Ka duba inda muke zaune: kudu da mu Najeriya da littattafan Ingilishi, mu da na Faransanci, kamfanonin aikin hanya kuma daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, kowa da karatun da ya yi. Takarda ɗaya tana iya bi ta hannu uku kafin ta isa wurin yaron da ke danna ma'aunin inji. Shi kuwa inji bai san lakwal ɗin kowa ba, kilo ya sani. A zubi mai tan ɗaya, haɗinmu na sama yana nufin kilo 330, da 236, da 330, da 47, da kwalta 57. In aka ba shi 60, zai zuba 60 bai ce uffan ba.

Hajiya mai tuwo a tasha ta ce ita duk wannan bai dame ta ba, ba ta da mota. Hajiya, babbar hanya mai lamba 25, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Baleyara da Bonkuku ta nufi Filinge, ita ke kawo miki masu cin tuwon. Ita ke fitar da dankalin da ake nomawa da rani a Dallol Boso kafin zafi ya ruɓar da shi, ita ke kai dabbobi kasuwar Lahadi ta Baleyara, ita ke ɗaukar mai naƙuda zuwa likita. Ranar da ramuka suka mai da tafiyar awa biyu ta zama ta awa huɗu, tukunyarki ma za ta ji a jikinta.

Kada ku ce na zo wanke injiniyoyi da 'yan kwangila. Shakkarku tana da amfani, wurin ajiye ta ne kuka kuskure. Kun tsaya kuna ihu a kan 106, wanda halal ne, alhali mai son cuta zai iya nuna muku takarda mai 100 cif ya zuba abin da ya ga dama. Abin da ke kama shi gwaji ne: a ɗebi haɗin daga bayan mota, a kai labo, a wanke kwaltar da sinadari, a auna abin da ya rage, a gwada da takarda.

Saboda haka, duk ranar da aka kawo aikin titi ƙasar Imanan ko Kurfai, kuma aka tara ku a gaban magajin gari ana karanta lambobi, kada Alhaji ya ɗaga carbi, kada direba ya yi dariya. Mutum ɗaya ya miƙe, ya yi sallama, ya ce: "Ranka ya daɗe injiniya, wannan 6 ɗin, cikin dutse ne ko cikin dukan haɗin? Kuma wa zai auna bayan an zuba?" In ya amsa nan take, ku ba shi wurin zama da fura mai sanyi. In ya fara duba waya, ku sa masa ido har aikin ya ƙare.