Kunkuru Ya Nufi Bakin Teku

Da zarar zafi ya shigo Ingila, sai Bature ya kinkimi gidansa kacokan, da gado da murhu da banɗaki, ya ɗora a kan taya huɗu, ya nufi Kwanwal, can kudu maso yamma. Wai hutu.

Har birnin Ekseta lafiya lau, titin M5 shimfiɗe yake. Daga nan A30 ta karɓe shi. Rigima na farawa ne idan na'urar nuna hanya ta ce ta san yanke.

Yanken kuwa lungu ne na zamanin keken doki. Hagu da dama ciyayi kore shar, gwanin sha'awa. Sai madubin mota ya goge su ake gane katangar dutse ce ta yafa ganye. Can sai ga tarakta. Manomi ya kashe inji, ya harɗe hannu. Ba ya sauri, a garinsu yake.

Uwargida ta sauko tana ba da hannu. Ribas, ribas, tsaya!

Tsofaffin hannu kan rubuta faɗin motar da tsayinta, su manna kusa da sitiyari, su bi sawun manyan motoci. Sabbin shiga kuwa ko an maƙale babu damuwa. Ai da gadonsu suka zo.